Muhawarar masu tafi ta 'yan Tibet: neman gaskiya ne ko iya baki?

Dan_Kurmi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masu ilimin manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, da waɗanda suka zauna Indiya. Bidiyon nan da ke yawo na ɗaliban addinin Buddha 'yan Tibet, ɗaya zaune a ƙasa, ɗaya tsaye a kansa yana tafa hannu yana buga ƙafa kamar zai kai masa mari, an ce wai darasi ake yi. An kuma ce sai mutum ya yi wajen shekara ashirin a haka kafin a kira shi babban malami. Ni a ganina wanda ya shekara ashirin yana gardama, gardamar zai ƙware a kai, gaskiya kuwa tana can inda ya bar ta. Me ake koya a ciki? A kan me ma suke gardamar?

Bakon_Maisur: Wa alaikumus salam. Na yi karatun haɗa magunguna a Maisur, jihar Karnataka, kuma garin Bailakuppe da 'yan Tibet ke zaune bai fi tafiyar awa biyu ba a mota. A can makarantar Sera take, ɗaya daga cikin manyan makarantun addininsu uku. Ta asali tana kusa da Lhasa, babban birnin Tibet, an kafa ta a 1419, amma bayan 1959 da Dalai Lama, jagoran addininsu, ya yi gudun hijira sai malamanta suka sake gina ta a kudancin Indiya. Sauran manyan biyun, Drepung da Ganden, suna Mundgod, duk a Karnataka.

Abin da na gani da idona: da safe hadda suke yi, da ƙarfi, kowa na rangaji. Sai malami ya yi musu sharhi. Da yamma har cikin dare su fita fili, babu littafi a hannun kowa, a yi ta gwabzawa a kan abin da aka karanta. Na tsaye shi ke tambaya, tafin nan kuwa alama ce ta cewa ya gama magana, amsa ta rage ga na zaune. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na zaune ba shi da izinin yin lacca. Amsoshinsa ƙidayayyu ne: ko ya ce "na yarda", ko ya ce "don me", ko ya ce "dalilin bai tabbata ba", ko ya ce "dalilin bai lazimta haka ba". Shi ke nan. In ya faɗi abin da ya saɓa wa maganarsa ta baya, na tsaye ya buga bayan hannu a tafi ya yi masa ihu, jama'a su yi dariya.

Yar_Katsina: Kai, da za a kawo wannan doka ta amsa huɗu cikin zauren nan da rabinmu sun yi shiru.

Almajirin_Zaure: Malam Baƙo, Allah ya saka. Wallahi da na karanta amsoshin nan sai da na gyara zama, domin su ne kusan abin da muka karanta a adabul bahasi wal munazara, fannin ladubban muhawara na malaman Musulunci. Mai kare magana da mai tambaya, kowa da iyakarsa. Mai tambaya ko dai ya hana muƙaddima ya nemi a tabbatar da ita, ko ya kawo wurin da dalilin ya samu amma hukuncin bai samu ba, ko ya kafa dalili kishiya. "Dalilin bai tabbata ba" hana ƙaramar muƙaddima ne, "bai lazimta ba" hana babbar ne. Bambancin kawai mu muna karanta shi a littafi mu rufe, su kuma kullum suna aiki da shi a fili.

Mai_Alli: Bari in sa baki, darasin tarihin falsafa nake koyarwa. Tushen abin a Indiya yake. Dignaga, wajen ƙarni na 5 zuwa na 6, shi ya tsara shi, sai Darmakirti ya zo bayansa ya faɗaɗa, kuma littafinsa Pramanavarttika shi ne har yau ake haddacewa a makarantun nan. Su biyun sun ce hanyoyin sani ingantattu biyu ne kacal: riska kai tsaye, da kafa dalili. Dalili kuma ba ya karɓuwa sai ya cika sharaɗi uku. Misalinsu da aka fi sani: akwai wuta a kan dutsen can, domin akwai hayaƙi. Na ɗaya, hayaƙin ya kasance da gaske yana kan dutsen. Na biyu, duk inda hayaƙi yake a samu wuta, kamar a madafa. Na uku, duk inda babu wuta a rasa hayaƙi, kamar a tafki.

Salon muhawarar da kuke gani a bidiyo kuwa 'yan Tibet ne suka gyara shi, ana danganta shi ga Chapa Chokyi Senge, wanda ya rayu 1109 zuwa 1169 a makarantar Sangphu. Yaro ba da manyan mas'aloli yake farawa ba, da launuka yake farawa. Wani ya ce duk abin da yake launi ja ne. Sai a ce masa: to launin farar katantanwar teku da ake busawa, ja ne ke nan, tunda launi ne? In ya ce dalili bai tabbata ba, a ce ai launi ne tunda fari ne. In ya ce na yarda ja ne, a ce to fari da ja abu ɗaya ne ke nan. Ko ta ina ya bi an tare shi. Watanni ake yi a irin wannan kafin a matsa.

Dan_Damagaram: Malam Mai_Alli, in lokacin hunturu ne fa, na hango hazo a kan dutse na ɗauka hayaƙi ne?

Mai_Alli: Sharaɗin farko ya faɗi ke nan, dalilin bai tabbata ba. Su ma sun kawo irin wannan, da tururi da raɓa mai tashi. Wanda bai tantance hayaƙi ne ko hazo ba, ko da an je an tarar da wuta, ba a ce ya sani, dace ya yi.

Umm_Hanan: Ni ɓangaren nau'o'in sani nake son a yi bayani. Na taɓa jin wai bakwai ne, wani kuma ya ce min takwas, wani shida. Wanne ne daidai?

Mai_Alli: Hajiya, duka daidai ne, rabon ne daban-daban. Shida ta fuskar ƙofa ne: sanin ido, kunne, hanci, harshe, jiki, da na zuciya. Wannan kusan duk mazhabobinsu sun yarda da shi. Takwas na mazhabar Yogachara ne, ta Asanga da Vasubandu, waɗanda suka ƙara biyu: tunanin da ke manne wa "ni", da wani sani na can ƙasa da suka ce shi ke ajiye irin ayyukan da mutum ya yi har su tsiro. 'Yan Teravada na Siri Lanka da Bama da Tailan nasu lissafin ya kai 89, ko 121 in an faɗaɗa.

Bakwai ɗin shi ne wanda ɗaliban Sera ke karantawa bayan launuka, kuma rabo ne ta fuskar inganci. Akwai riska kai tsaye, wadda babu suna ko tunani a cikinta tukuna. Akwai sani ta dalili. Akwai sanin da ke biyo baya, wato ci gaba da sanin abin da ka riga ka sani. Akwai zaton da ya dace, ka riƙe magana ta gaskiya ba tare da ka mallaki dalilinta ba. Akwai abin da ya bayyana gare ka amma ba ka tantance shi ba, kamar kana kallon wani abu da ya ɗauke maka hankali, a yi magana kusa da kai, sautin ya shiga kunne amma in an tambaye ka me aka ce ba ka sani ba. Sai kokwanto. Sai sanin da ya karkace, kamar ganin wata biyu, ko ganin bishiyoyi na gudu alhali kai ne a cikin kwalekwale.

Wanda ya fi burge ni shi ne na huɗu. Sun ce yawancin abin da ɗalibi ya ji daga malami a nan yake zaune, gaskiya ne amma bai zama sani ba tukuna. Aikin filin muhawara shi ne a ɗauke shi daga kuskure zuwa kokwanto, daga kokwanto zuwa zato mai dacewa, daga nan zuwa dalili. Mataki na ƙarshe, riska kai tsaye, sun ce ba a fili ake samunsa ba, sai an zauna an yi ta nutsuwar zuciya.

Almajirin_Zaure: Mu ma a farkon usulul fiƙhi ai da haka ake buɗewa: ilimi, zanni, shakka, wahami, jahilci mai sauƙi da jahilci murakkabi. Kuma malaman tauhidi sun yi dogon zance a kan imanin mai taƙalidi, wanda ya riƙe gaskiya ba da dalili ba. Zaton nan mai dacewa ɗan'uwansa ne.

Abu_Huzaifa: Jama'a a ji tsoron Allah. Mutanen nan ba su yarda da Mahalicci ba, suna sujada ga gumaka, ku kuma kun zauna kuna yaba karatunsu kuna haɗa shi da usulu. Manɗiƙin ma kansa manyan malamai sun haramta shi. Me Musulmi ya rasa da zai je nema wurin masu jan mayafi?

Dattijo_Fagge: Ɗana Abu Huzaifa, sannu da kishi. Amma batun haramcin manɗiƙi saɓani ne tsoho, kuma ya taɓa ƙasar nan. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta a kan manɗiƙi, har suka yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi da ke Misira, shi yana hanawa, Magili yana karewa. Sullam, littafin manɗiƙi na Akhdari da muka karanta a zaure, da kansa ya kawo ra'ayi uku: Ibnu Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a sani, shi kuma ya rinjayar da halasci ga mai cikakken hankali da ya riƙe Alƙur'ani da Sunna. Babu wanda ya ce a je a yi musu ɗalibta. Tambaya aka yi a kan yadda suke karatu, ana amsawa.

Abu_Huzaifa: Baba, na ji, Allah ya ƙara girma. Amma manɗiƙin da Magili ya kare ma'auni ne da aka sa shi hidimar tauhidi. Wannan kuwa an gina shi ne don a kare kafirci. Ba ɗaya ba ne.

Mai_Alli: A nan Malam Abu Huzaifa yana da magana, kada a rufe ta. A babi na biyu na littafin Darmakirti akwai hujjojin da ya kafa a kan 'yan Hindu masu cewa akwai mahalicci dawwamamme, yana musun haka. A nan kuma ya kafa hujjar sake haihuwa: wai kowane lokaci na sani daga wani lokacin sani da ya gabace shi yake fitowa, jiki kaɗai ba ya haifar da shi, don haka sanin jariri na farko yana da na gabansa. Kuma duk tsarin nau'o'in sanin nan an shimfiɗa shi a kan cewa babu wani ruhi tabbatacce a bayansu, jerin lokuta ne kawai ke bin juna. Wanda zai karanta ya san da wannan tun daga bakin ƙofa.

Dan_Kurmi: To ai kun dawo kan maganata. Malaman kalamu, masu kare tauhidi da hujjar hankali, sun ɗauki dalili sun tabbatar da Mahalicci, Darmakirti ya ɗauki dalili ya musa. Kowa da ƙa'idarsa, kowa ya ci muhawara a gidansa. Ina amfanin shekara ashirin in a ƙarshe kowane ɗalibi abin da makarantarsa ta ce tun farko shi zai fito da shi? An taɓa jin wanda ya shiga filin Sera ya fito yana cewa Buddha ya yi kuskure?

Bakon_Maisur: Yaya Dan_Kurmi, akwai ƙamshin gaskiya a nan. A Sera ma kwaleji biyu ne, Je da Me, kowacce da littattafan sharhinta, kuma ɗalibi na kwalejinsa yake karewa ko da ta saɓa wa maƙwabciya. Amma abu ɗaya da na lura: na tsaye ba dole ne ya yarda da abin da yake faɗa ba. Aikinsa ya rusa na zaune ko da na zaune littafi yake faɗa. Gobe kuma a juya, shi ya zauna. Mutum na iya haddace amsa daidai a wargaza shi a gaban jama'a don bai san me ya sa take daidai ba.

Nas_Bilki: Ku yi haƙuri zan ɗan karkata. A irin misalan sanin da ya karkace na ga ana yawan kawo mai ciwon shawara wai yana ganin farin abu rawaya. Ni a asibiti nake aiki, masu shawara idonsu ne ke yin rawaya ga mai kallonsu, su kansu da wuya ka ji sun ce duniya ta yi musu rawaya. Wanda na san yana jawo haka shi ne maganin zuciya digoxin in ya yi yawa a jiki.

Mai_Alli: Haka ne misalin yake a littattafansu, farar katantanwa ta koma rawaya ga mai shawara, kuma tsofaffin marubutan Girka da Rum ma sun yi ta maimaita shi.

Dan_Kurmi: Ka ji ba! Ƙarni nawa ana tafi a kan misalin da ba wanda ya je ya tambayi mara lafiya.

Kwamared_Gusau: Wannan shi ne ciwon duk karatun da ya tsaya a kan littafi da baki. Su ma sun farga. Tun wajen 2014 aka shigar da kimiyyar zamani cikin manhajar manyan makarantun nan na kudancin Indiya, tare da Jami'ar Emory ta Amurka: fiziks, ilimin halittu, ilimin ƙwaƙwalwa. Dalai Lama da kansa ya daina riƙe tsohon bayaninsu na cewa duniya shimfiɗaɗɗiya ce da dutsen Meru a tsakiya, alhali yana cikin littafin Vasubandu da suke karantawa. Don haka tambayarka ta ko an taɓa cewa littafi ya yi kuskure, an taɓa, ko da yake na'urar hangen nesa ce ta tilasta, ba tafi ba.

Mai_Alli: Kwamared, suna da hanyar da ta ba su damar haka. Sun raba abubuwa uku: na fili da ake riska da gaɓɓai, ɓoyayye kaɗan da ake kai wa da dalili, da ɓoyayye ƙwarai da ba a sanin sa sai ta nassi, kamar wane aiki ne takamaimai ya jawo wane sakamako. Nassi ba ya da hurumi a kashi biyun farko in ya ci karo da ido ko dalili. Siffar duniya ta faɗa kashi na farko, sai aka sake ta. Sake haihuwa kuwa suna cewa dalili ya tabbatar da ita, nan ne masana ƙwaƙwalwa ke ja da su.

Dan_Damagaram: Wata tambaya. Kamannin da Almajirin_Zaure ya gani tsakanin munazara da nasu, haɗuwa ce kawai ko wani ya ɗauka wurin wani?

Tarihi_Madubi: Alaƙa dai akwai ta a tarihi. Barmakawa, gidan su Yahaya ɗan Khalid wazirin Haruna Rashid, kakanninsu su ne masu kula da Naubahar, babban wurin ibadar Buddha a Balkh, kafin su musulunta. Wani masani Ba'amurke, Christopher Beckwith, ya fitar da littafi a 2012 yana cewa salon jayayyar malamai da ma tsarin madarasa daga 'yan Buddha na tsakiyar Asiya suka shigo. Masana da yawa ba su karɓa ba, suna ganin manɗiƙin Musulmi daga Aristo, masanin falsafar Girka, ya zo ta fassarar Bagadaza, jadali kuma ya girma ne a hannun malaman fiƙihu da kalamu. Salon Tibet ɗin ma sai ƙarni na 12 ya fito, lokacin munazara ta daɗe da kafuwa.

Almajirin_Zaure: Ni ma na fi karkata can. Duk inda mutum biyu suka yi jayayya da ƙa'ida, hanyoyin musu ba su da yawa: ko ka musa abin da aka gina a kai, ko ka musa cewa ya kai inda aka ce.

Yar_Katsina: Duk wannan bayani ban ji an ambaci mace ba. Su ma suna tafin ko girki aka bar musu?

Bakon_Maisur: Yaya, sun daɗe a waje. Digirin geshe, wato na zama babban malami, na maza ne ɗaruruwan shekaru. Sai a Disambar 2016 aka ba mata ashirin 'yan Tibet digirin geshema a Drepung da ke Mundgod, bayan karatun shekara 17 da jarrabawar shekara huɗu. Fannoni biyar ɗin da maza ke yi su suka yi: manɗiƙi, kamalar hikima, matsakaiciyar hanya, bayanin zuciya da halittu, da dokokin zaman ibada.

Umm_Hanan: Ma sha Allah da bayani. Ni abin da na tsinta shi ne na biyar ɗin nan, abu ya bayyana ba a tantance ba. Yarana in suna riƙe da waya haka suke, in yi magana su ce "to", in tambaya me na ce su yi zuru.

Almajirin_Zaure: Dan_Kurmi, zo ka zauna in tsaya a kanka, mu gwada. Ka ce duk wanda ya daɗe yana gardama, gardama kawai ya iya. Ka yarda?

Dan_Kurmi: Na yarda.

Almajirin_Zaure: Imam Shafi'i ya daɗe yana munazara da malaman Iraƙi. Gardama kawai ya iya ke nan, tunda ya daɗe yana yi?

Dan_Kurmi: A'a, wannan daban ne, shi ai niyyarsa

Almajirin_Zaure: Babu lacca! Ɗaya cikin huɗu.

Dan_Kurmi: To, dalilin bai lazimta ba.

Almajirin_Zaure: Kai ka ce "duk wanda". Da ina kusa da na buga maka tafin.

Yar_Katsina: Hahaha, an kayar da mai zaure a zaurensa.

Dan_Kurmi: Kalmar "duk" ya kama, bai taɓa tambayata ba. Ka kayar da ni cikin layi uku, amma har yanzu ba ka nuna min cewa ɗalibin Sera ya fi kusa da gaskiya ranar da ya gama fiye da ranar da ya shiga ba. Abin da ka nuna shi ne ka fi ni iya tarko.

Abu_Huzaifa: Karon farko da na yarda da Dan_Kurmi. Kuma a daina sa sunan Imam Shafi'i a wasa.

Dattijo_Fagge: Ba wasa ya yi da shi ba, hujja ya kafa da shi. Amma Almajiri, kai ma ka amsa masa. A ce ya janye "duk", ya ce "mafi yawa". Yanzu da me za ka kama shi?

Almajirin_Zaure: Allah gafarta Baba, "mafi yawa" ba ta karyewa da misali ɗaya, sai an ƙirga. Mai_Alli, a ƙa'idar Darmakirti dalilin da ya tsaya a "mafi yawa" yana shiga fili kuwa?

Mai_Alli: Ba ya shiga. Lazimta a wurinsa ko ta game duka ko babu ita, irin wannan dalili sunansa marar tabbas. Sai dai ka lura hukuncin ya hau kanku ku biyu: shi bai tabbatar da cewa muhawara ba ta kai mutum ga gaskiya ba, kai ma ba ka tabbatar da tana kaiwa ba.

Kwamared_Gusau: To a kawo wanda ya ƙirga. Baƙon Maisur, cikin waɗanda ka sani a can, akwai wanda ya canza ra'ayi a kan wata babbar mas'ala saboda an kayar da shi a fili, ko duk a kan launin katantanwa ake canzawa?